Yadda za ka gane sojan da ke tunanin kashe kansa, da abin yi kafin gari ya waye

Tun da na yi maganar rashin barcin sojojin da suka dawo daga bakin daga mutane suka sa ni a gaba da tambaya. Matan sojoji sun fi yawa, sai masu igiya biyu da masu igiya uku da ke riƙe da yara a ƙarƙashinsu, har da wani limamin bariki. Tambayar kusan ɗaya ce, wane ya canza, yana wasu maganganu masu tayar da hankali, ta yaya zan gane ko da gaske yake, in kuma na gane me zan yi. Amsa a gutsure ba ta wadatarwa shi ya sa na ce bari in zauna in jera abin daki-daki. Ni aikin jinya nake a ɓangaren ƙwaƙwalwa, kuma a bariki na taso, na san yadda ake gudun maganar kashe kai a can kamar wuta.

Abu ɗaya ka riƙe tun yanzu. Ba likitan da zai kalli mutum ya ce wannan zai aikata wancan ba zai aikata ba. A 2017 masana sun tattara bincike 365 na shekara 50, suka tarar duk alamomin da ake lissafawa da ƙyar suka fi canki-canka wajen nuna wanda zai aikata. Toh kai ba duba aka sa ka ba. Naka shi ne ka gano nauyin abin a yau ɗin nan, ka raba shi da makami, ka damƙa shi hannun wanda ya fi ka sani.

1. Haɗa kayan aiki tukuna

Ba wasu kaya masu yawa ba ne. Waya mai caji da kati, biro da takarda, sai minti 30 zuwa 40 da ka tabbata ba mai kiranka fareti a ciki. Sannan lambobi, kuma ka ajiye su tun kafin ka buɗe baki: ta likitan bataliya ko wanda ke duti a asibitin bariki, ta RSM wato babban saje-manjan bataliya, ta liman ko fada na coci, da 112 ta gaggawa. Akwai kuma SURPIN, ƙungiyar hana kashe kai da ta faro daga asibitin koyarwa na Legas, suna amsa waya har da Hausa, nemo lambarsu ka ajiye.

Ka samu mutum na biyu mai riƙe sirri ya san inda kuke, ba sai ya shigo ba, ya dai kasance kusa.

Maganar kuɗi, tambayoyin da zan kawo kyauta suke, ba sai ka yi wani kwas ba. Soja mai aiki da iyalinsa suna cikin inshorar lafiya ta sojoji wato DHML, don haka ganin likitan bariki ba shi ne matsala ba. Inda aljihu ke taɓuwa shi ne kuɗin mota in za a wuce babban asibiti, da magani in ya zama sai an saya a waje. Ki ware wannan a gefe uwargida, kar dare ya yi a tsaya neman rance.

Hattara: in yana ɗauke da bindiga a lokacin, ko a buge yake, ba lokacin doguwar hira ba ne. Wuce zuwa mataki na 5 kai tsaye.

2. Me ya canza?

Kar ka auna shi da sauran sojoji, auna shi da shi kansa na wata 3 baya. Mai barkwanci ya koma shiru. Wanda kakinsa kullum a goge, yanzu a yamutse, ga latti a fareti. Barci ya ƙaurace, ko ya yi ta firgita. Zaman mami, wato kasuwar bariki inda ake shan giya, ya ƙaru, ko tiramol da wiwi sun shigo. Fushi kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai wata alama da farar hula ba su cika ganewa ba, wato kasada a wajen aiki, ya bar hular kwano da rigar sulke, kowane aikin haɗari shi ne farkon ɗaga hannu, ba irin ta jarumta ba, irin ta wanda bai damu ya dawo ba.

Sai baki. "Na gaji da duniyar nan." "Da ma ni na tafi ranar nan ba wane ba." "In na mutu ai za a biya su haƙƙina, sun fi amfana." Wannan ta ƙarshen in na ji ta jikina sanyi yake yi. Sai kuma ka ga yana rabar da kayansa, yana biyan basussuka kwatsam, ya je ya gyara sunan magaji a fayil, yana bin mutane da neman gafara. Eh na sani, neman yafiya kafin tafiya daga al'adarmu ce kuma abu ne mai kyau. Abin lura shi ne in ba wata tafiya a gaba amma mutum yana sallama.

Wani masani Ba'amurke Thomas Joiner ya yi bayani a 2005 da nake ganin ya dace da soja sosai. Ya ce abu uku ke haɗuwa: mutum ya ji ya zama kaya a kan mutane, ya ji ba shi da kowa, sannan tsoron mutuwa da na ciwo ya fita daga ransa. Na ukun nan ai shi ake koya wa soja tun daga Depo a Zariya, aikinsa ke nan. Kenan shi biyu kawai suka rage. Shi ya sa maganar da ɗan kasuwa zai yi a ce bari mu ga gobe, in soja ya yi ta ba a jiran gobe.

Lokutan da ya kamata ka ƙara buɗe ido: an caje shi da laifi ko yana jiran kotun soja, an rage masa igiya, aure ya mutu ko ya ji wani labari daga gida, bashi ya yi masa katutu musamman na caca ko na manhajar waya masu tona asiri, ya samu raunin da zai raba shi da kaki, abokinsa na kusa ya rasu, ko ya daɗe a daga ba fas na zuwa gida ba canji.

Hattara: kar ka ce ai bai taɓa zuwa Sambisa ba me zai dame shi. Babban binciken da rundunar Amurka ta yi kan sojojinta na 2004 zuwa 2009 ya nuna kusan kashi 61 cikin 100 na waɗanda suka yi yunƙurin ba su taɓa zuwa fagen yaƙi ba, kuma a cikinsu abin ya fi yawa wajen wata na 2 da shiga aiki. Waɗanda suka je suka dawo kuma wajen wata na 5 da dawowa, lokacin da an gama murna kowa ya koma harkarsa. Ƙasarsu daban da tamu, amma darasin ya isa: sabon kurtu da wanda ya dawo gida duk a sa musu ido.

Wani hattaran: wanda ya yi makonni cikin ƙunci sai rana ɗaya ya wayi gari sakayau yana ta fara'a ba tare da komai ya gyaru ba, kar ka ce alhamdulillahi ka juya. Wani lokaci natsuwar wanda ya gama yanke shawara ce.

3. Wuri da buɗe magana

Ba a ofis ba, ba a gaban yara ba, ba yana tsaye ƙam kana zaune ba. In yana ƙame a gabanka amsa ɗaya za ka samu, "lafiya lau oga", ko da cikinsa na ci da wuta. Ja shi gindin bishiya, ko bayan masallaci bayan isha'i, ko ku zauna cikin mota. Zama gefe da gefe ya fi ido cikin ido sauƙi ga maza.

Fara da abin da idonka ya gani ba abin da ka yanke ba. "Ɗan'uwa, sati biyu ke nan ina lura ba ka barci, abinci ma ba ka ci, jiya kuma na ji abin da ka faɗa. Ba caji na kira ka ba, hankalina ne bai kwanta ba." In matarsa ce, "Baban yara, ni fa na kasa gane maka tun da ka dawo, don Allah zauna mu yi magana, ba faɗa ba ne." In kuma na ƙasa ne ke tunkarar na sama, a nemi ɗan kwas ɗinsa ko liman, domin da wuya hafsa ya buɗe cikinsa ga yaronsa.

Daga nan yi shiru. Shirun zai yi maka nauyi, ka daure. Mafi yawan kuskure a nan ake yi, mutum ya fara magana kenan sai a tare shi da "haba kai fa namiji ne", ko "wasu ma ƙafa suka rasa". Ka rufe ƙofar kenan.

Hattara: zai iya cewa rantse ba za ka gaya wa kowa ba. Kar ka rantse. Ce masa "ba zan yi yawo da maganarka ba, amma in ranka na cikin haɗari zan nemo wanda zai taimaka, kuma da saninka zan yi."

4. Tambayoyi shida

Nan ne zuciyar aikin. Daga ma'aunin jami'ar Kolombiya ta Amurka suke, asibitoci da rundunoni da dama na amfani da shi. A jere ake yin su, kuma da kalmar kanta, ba kwana-kwana. "Ba dai wani mugun abu kake tunani ba ko?" ba tambaya ba ce, roƙo ne ya ce a'a.

Na farko zuwa na biyar kan wata ɗaya da ya wuce ne.

Ɗaya. Ka taɓa jin da ma ka mutu, ko ka kwanta barci kar ka farka?

Biyu. Ka yi tunanin kashe kanka?

In ya ce a'a a ta biyu, tsallaka zuwa ta shida. In ya ce eh, ci gaba.

Uku. Ka yi tunanin ta wace hanya?

Huɗu. Da tunanin ya zo, ka ji kana da niyyar aikatawa ko da kaɗan ne? Domin akwai bambanci tsakanin "yana zuwa mini amma ba zan yi ba" da "ban sani ba, wataƙila".

Biyar. Ka fara tsara yadda za ka yi, lokaci da wuri, kuma kana da niyyar bin tsarin?

Shida. Ka taɓa yin wani abu, ko ka fara, ko ka shirya wani abu don kawo ƙarshen rayuwarka? Misali tanadin abin aikatawa, rubuta saƙon sallama, ko ka fara sai ka fasa ko wani ya tare ka. In eh, yaushe? Cikin wata 3 ɗin nan ne?

Na san abin da ke ranka, kar in tambaya in sa masa tunanin da ba shi da shi. An bincika wannan ba sau ɗaya ba, an kuma tattara binciken a 2014, ba a samu cewa tambaya na haifar da tunanin ba, wasu ma sauƙi suke ji. A aikina abin da na fi gani shi ne mutum ya sauke numfashi, wani ya fashe da kuka, don ya daɗe yana ɗauke da abin shi kaɗai.

Muryarka ta zama kamar kana tambayar zazzaɓi. In ya ce eh kar ka zabura da salati da tafa hannu, ka ce "na gode da ka gaya mini, ba ƙaramin abu ba ne faɗin wannan." Kar kuma ka ba shi misalan hanyoyi a tambaya ta uku, bar shi ya faɗi nasa.

Hattara: "a'a" ba ta goge abin da ido ya gani. Soja na da dalilin ɓoyewa, yana tsoron a ce ya taɓu, a hana shi kwas ko ƙarin girma, ko a sallame shi. In ya ce a'a amma ya rabar da kayansa jiya, bi abin da ka gani. Ka kuma ji ta bakin wanda suke kwana ɗaki ɗaya ko matarsa.

5. Bindiga

In ka manta komai kar ka manta wannan. Guguwar kashe kai sau da yawa gajera ce. Wani bincike a Ostiriya a 2009 ya tambayi waɗanda suka tsira, kusan rabinsu suka ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba. Kuma kusan 9 cikin 10 na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba ta hanyar kashe kai suke mutuwa daga baya ba. Matsalar soja ita ce abin da ke hannunsa ba ya ba da damar fasawa. A 2006 rundunar Isra'ila ta hana sojojinta tafiya gida da bindiga a hutun ƙarshen mako, kashe kai a rundunar ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Nisa aka sa tsakanin mutum da makami.

Don haka duk wanda ya ce eh a tambaya ta biyu, tambaye shi: makaminka yana ina yanzu, akwai harsashi a ɗakinka ko a gida, yaushe ne gadinka na gaba?

A bariki abin da sauƙi, bindiga ta koma ma'ajiyar makamai, a sanar da mai kula da ita kar a sake ba shi sai da izini, a cire sunansa daga gadi da sintiri a ba shi aikin sito ko ofis inda akwai mutane. Gadin dare shi kaɗai shi ne mafi munin wurin da za a ajiye shi. A bakin daga inda kowa da bindigarsa yake kwana ya fi wuya, nan dole kwamandan wurin ya shigo, a karɓi makamin da albarusai, a haɗa shi da mutum biyu da za su riƙa canji, a sa shi cikin ayarin farko mai komawa baya. A gida kuma uwargida ta kwashe tarin magunguna da maganin ƙwari na gona ko na ɗaki da duk wata bindigar gida, ta kai ajiya wani gidan, ba ƙarƙashin gado ba.

Yadda za ka faɗa yana da muhimmanci, domin karɓe wa soja bindiga kamar tuɓe shi ne a kasuwa. "Ajiya ce ba ƙwace ba. Wanda ya karye a ƙafa ma ai ba a sa shi fareti, in ya warke ya dawo." A yi shi shiru, ba a gaban jama'a ba.

Hattara babba: in makamin na hannunsa kuma ya harzuƙa, wallahi kar ka yi kukan kura ka ce za ka ƙwace. Janye mutane, ka tsaya inda kake da kariya, yi masa magana a hankali da sunansa, wani ya kira RSM da likita da 'yan sandan soja. Kar a taru a kansa ana ihu.

6. Abin da ke ƙara nauyi da abin da ke riƙe shi

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Ya taɓa yunƙuri a baya? Wannan ya fi kowace alama ƙarfi. Yana shan giya ko ƙwaya? Dare nawa bai yi barcin kirki ba? Bam ya taɓa tashi kusa da shi har ya suma ko kansa ya bugu? Akwai wanda ya taɓa kashe kansa a danginsu ko a rukuninsu kwanan nan? Yana jin muryoyi ko yana ganin ana bin sa? Sai wadda mutane ke jin nauyin yi amma dole ce ga mai riƙe da makami: akwai wanda kake jin kamar ka illata? In eh, a sanar da kwamanda nan take a kuma nisanta wancan mutumin.

Sannan juya, "me ya riƙe ka har yau?" Wani zai ce 'yata, wani mahaifiyata, wani tsoron Allah. Rubuta shi da kalmominsa, za ka buƙace shi a mataki na 9.

Hattara ga malamai da fastoci: kar a buɗe da wuta da azaba. Ya san haramun ne, ya sani tun yana allo, sanin ma yana cikin abin da ke cinsa, yana ganin tunanin kaɗai ya fitar da shi daga rahama. Ayar Suratun Nisa'i ta 29 da ta hana kashe kai ai da ambaton jinƙan Allah ta rufe, a fara masa ta nan. Addu'a da ruƙiyya ba wanda ya hana, amma su tafi tare da asibiti, kar a ce sai an gama sati ana tofi sannan a ga likita.

7. Yanke matsayi

Ja: ya ce eh a tambaya ta huɗu ko ta biyar, ko ta shida cikin wata 3. Haka kuma in a buge yake yana maganar mutuwa, ko yana jin muryoyi, ko ya ƙi amsawa alhali alamu sun yi yawa. Gaggawa ce kamar harbi. Ba a barinsa shi kaɗai ko na minti ɗaya, har banɗaki a tsaya a ƙofa kuma kar ya kulle, asibiti yanzu ba gobe ba.

Rawaya: eh a ta uku amma ba niyya, ko ya taɓa yunƙuri da daɗewa. A raba shi da makami, ya ga likita yau ko gobe da safe, kar ya kwana shi kaɗai.

Kore: eh a ta ɗaya ko ta biyu kawai, ba hanya ba niyya ba tarihi. A haɗa shi da likita cikin 'yan kwanaki, a rubuta katin mataki na 9. Ni dai ko a nan ina ba da shawarar a ɗaga masa gadin dare har likita ya gan shi.

In kana shakka tsakanin biyu ɗauki na sama. Kuma kore ta yau tana iya zama ja gobe in waya ɗaya ta shigo daga gida, ba hatimi ba ne.

8. Raka shi da ƙafarka

Sojojin Amurka kalma uku suke koya wa kowa: tambaya, kula, raka. Rakiyar ce aka fi sakaci da ita. "Ka je ka ga likita gobe" ba ta kai kowa asibiti. Tafi da shi, kai za ka tuƙa ba shi ba, ka shiga ka gaya wa likita amsoshin shida da bakinka ko ka miƙa takardar, don da yawa in sun ga farar riga sai su koma "ba komai, ciwon kai ne".

A fara da asibitin bariki, su za su tura gaba, irin asibitin sojoji na 44 a Kaduna ko na 68 a Yaba, ko na Runduna ta 7 a Maimalari ga waɗanda ke Maiduguri. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato, ga Dawanau a Kano. Tsofaffin sojoji da iyalai su ma nan za su nufa.

Me za a gaya wa oga? Iya abin da yake buƙata don ya yi aikinsa: yaron nan ba shi da lafiya, likita na son ganinsa yau, kar a ba shi makami. Rikicin aurensa da bashinsa ba na fareti ba ne.

Zai iya kawo maganar doka, kuma tsoronsa na da tushe, sashe na 231 na Final Kod a Arewa da na 327 na dokar laifuka a Kudu sun daɗe da sa yunƙurin kashe kai cikin laifukan da ke jawo ɗaurin har shekara 1. Ghana ta soke irin wannan a 2023. Abin da za ka gaya masa shi ne tunani da neman taimako ba laifi ba ne a kowace doka, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ba mara lafiya haƙƙin kulawa da sirri.

Hattara: gadirum, wato ɗakin tsare soja, ba asibiti ba ne. Kulle shi "don kar ya yi wa kansa illa" ƙara masa kunya da kaɗaici ne, abubuwa biyun da suka kawo shi nan. Wanda kuma dama yana tsare kan wani laifi, shi ma a yi masa tambayoyin nan. Rundunar saman Amurka tun shirin da ta fara a 1996 ta sa doka cewa wanda aka gama yi wa tambayoyin bincike ba a sakinsa ya tafi shi kaɗai, sai a miƙa shi hannun na gaba da shi. Wannan ko sisi ba ya ci, kowane RSM zai iya yi.

9. Katin tsira

Kar ka ce ya rantse ko ya yi alƙawarin ba zai yi ba. Hankalinka kawai zai kwantar, shi ba abin da ya ba shi. An gwada a barikin Fort Carson ta Amurka, sojojin da aka rubuta wa ɗan katin abin yi sun fi waɗanda aka sa su alƙawari raguwar yunƙuri da kusan kashi 76 cikin 100. Tsarin da aka fi bi na Barbara Stanley da Gregory Brown ne, layi shida, shi zai rubuta da hannunsa a takardar da za ta shiga aljihun kaki:

Alamun da ke nuna mini abin na tasowa. Abin da zan yi ni kaɗai in ya taso, kamar alwala da nafila, gudu, sauraron karatu, kallon hoton 'yata. Wuraren da zan je in shiga mutane, masallaci, coci, filin ƙwallo, teburin mai shayi, ban da wurin giya. Mutum biyu ko uku da zan kira in gaya musu gaskiya, da lambobinsu. Likita da lambar gaggawa. Sai yadda aka yi da makami da magunguna, da wanda ke riƙe da su.

A ƙasa ya rubuta amsarsa ta "me ya riƙe ka". Ya ɗauki hoton katin a waya, amma takardar ta zauna, daji ba kullum ake samun caji ba. Kuskuren da ake yi shi ne a cika katin da "zan yi haƙuri, zan dage". A'a, suna da lamba da wuri ake so. Ka kuma kira mutanen da ya rubuta a gabansa don su san an sa su.

10. Bibiya

Makonnin farko bayan an sallamo shi daga asibiti suna cikin mafi haɗari, daidai lokacin da kowa ke cewa ai ya warke. Ka leƙa shi cikin kwana 1 zuwa 3, sannan kowane mako har wata 1, daga nan a riƙa tazara. Ba sai doguwar hira ba, saƙon "ɗan'uwa ka faɗo mini a rai, ya jiki" ya isa wani lokaci, amma duk sati ka maimaita tambaya ta biyu da ta huɗu kai tsaye.

In an ba shi maganin ciwon damuwa yakan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin a ga aikinsa, kar ya yar a kwana 5 ya ce ba ya yi, kar kuma ya tsayar rana ɗaya ba da sanin likita ba. Matarsa ko abokinsa ya riƙe maganin yana ba shi na 'yan kwanaki. A kuma taɓa ainihin abin da ya taso da guguwar, in bashi ne a zauna a tsara biya, in fas ne RSM ya shiga maganar, in aure ne a kira manya. In an yi masa canjin wurin aiki, likita ya sanar da likitan can, a nan ake yawan ɓatar da mutum.

Mayar masa da bindiga ba shawararka ba ce kai kaɗai, ba kuma tasa ba, ko ya rantse ya warke. Likita da kwamanda za su yanke tare, a fara da aikin rana cikin mutane, gadin dare ya zo daga ƙarshe.